Darasin Da Ya Wuce 'Yarki Yana Iya Biyo Ta Gida

 Yau ina so in ja hankalinku ne a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun da na fara aikin koyarwa a makarantar firamare, watau yawan fashin makaranta da 'ya'yanmu mata ke yi, da irin asarar da ke biyo bayansa. Sa'an nan in gaya muku wata 'yar dabara da na gwada a ajina na ga ta yi amfani, wadda kuma ba za ta yi nisa ba sai da hannunku a ciki.

A zangon karatun da ya wuce akwai wata yarinya a ajina, aji biyar, mai ƙwazo da natsuwa, wadda ba ta taɓa wuce ta biyar ba a jarrabawa. Kwatsam sai na daina ganinta. Da na tambayi 'yan unguwarsu sai suka ce ai mahaifiyarta ce ta haihu. To, ita ce babbar 'ya mace a ɗakin, saboda haka ɗebo ruwan wankan jego, da hura wuta, da rainon ƙanne, da aike gidajen 'yan'uwa, duk suka hau kanta. Ba ta dawo ba sai bayan suna da kwana biyu. A cikin waɗannan kwanaki kuwa na koya wa ajin doguwar rabawa a darasin lissafi.

Da ta dawo sai ta yi abin da kowace ɗaliba ta kirki ke yi. Ta ari littafin ƙawarta ta kwafe aikin tsaf, da rubutu mai kyau, babu ko goge. Ranar Alhamis na yi musu ɗan gwaji, tambaya 10, ba ta ci ko ɗaya ba. Bayan an tashi na same ta a bayan aji tana hawaye. Abin da ta ce mini shi ne, "Malama, wallahi na kwafa duka, amma ban san ta inda ake farawa ba."

Wannan magana tata ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa. Littafin ƙawa yana nuna aiki ne bayan an gama shi. Alal misali a ce a raba 156 gida 12. A kan allo na kan fara da 15, in tambaya sau nawa 12 za ta shiga, in rubuta 1 a sama, in ɗebe 12 saura 3, in sauko da 6 kusa da 3 ta zama 36, in sake tambaya sau nawa 12 za ta shiga 36, in rubuta 3, amsa ta zama 13. Wadda ke cikin aji ta ga hannuna yana tafiya, ta kuma ji bakina yana faɗin dalili. Wadda ta kwafa kuwa lambobi kawai ta gani a jere, ba ta san wadda ta riga wata zuwa ba. Tamkar a ajiye wa amarya malmalar tuwo ne a ce ta koyi tuƙi daga kallonta. Ba ta ga talge ba, ba ta ga lokacin da aka zuba gari ba, balle yadda aka riƙe muciya.

Ku matan aure kun fi ni sanin abubuwan da ke hana yarinya zuwa makaranta. Yau haihuwa, gobe biki, jibi ranar kasuwa a ɗora mata talla. In uwa ta kwanta ciwo, 'ya mace ce mai jinya. In ruwa ya ɗauke a unguwa, ita ce mai bin layin rijiya. Waɗanda suka fara girma kuma akwai kwanakin da ciwon mara kan zaunar da su a gida kowane wata, ga kunya, ga makarantu da yawa babu makewayi na kirki. Da wuya ki ji an hana yaro namiji zuwa makaranta domin an haihu a gidansu. Ni kuwa ɗalibai 76 ke cikin rajistata, ga tsarin karatun da aka ba ni in gama kafin hutu, ba ni da halin mayar da aji baya saboda mutum ɗaya.

Shi lissafi gini ne, in tubalin ƙasa bai zauna ba duk abin da aka ɗora a kai sai ya karkace. Yarinyar da doguwar rabawa ta wuce, darasin gaba ma zai wuce ta, haka na gaba da shi. Ƙarshen zango ta kawo sakamako mara kyau, uban ya duba ya ce ai dama ba ta da kan boko, gara ta zauna ta taimaki uwarta. Shi ke nan an yi mata hukunci da cewa daƙiƙiya ce, alhali kuwa kwana tara ne kawai suka ɓace mata. A shekarar 2022 ofishin UNICEF na Kano ya ce yara fiye da miliyan 18 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Duk wata malama ta san wasu daga cikin waɗannan 'yan mata da suna, domin sun taɓa zama a gabanta kafin su sulale.

Dabarar da na ce zan gaya muku ita ce naɗar fuskar waya. Babbar wayar nan da ake shafawa tana da wani abu a cikinta wanda in kin taɓa shi zai riƙa ɗaukar duk abin da ke faruwa a fuskarta, tare da muryarki, ya mayar da shi ɗan bidiyo. Kyamarar wayar ba ta aiki a lokacin, saboda haka ba a ganin mai magana, ba a ganin ɗakinta, abin da ke kan fuskar wayar kaɗai ake gani. Wayoyin Android sun zo da wannan abu a cikinsu tun daga tsarin Android 11 na shekarar 2020, wasu kamfanoni ma sun riga sun sa nasu tun kafin nan, iPhone kuwa tun 2017. A yawancin wayoyi, in kin jawo fuskar daga sama zuwa ƙasa, a cikin alamomin nan na tocila da data za ki same shi. Mai kwamfuta kuma tana iya yin haka da PowerPoint, ko da wata manhaja ta kyauta mai suna OBS Studio. Amma ni da waya nake yi, domin ita nake da ita.

Daren ranar da yarinyar nan ta yi kuka, bayan na kwantar da yarana, sai na ɗauki hoton farar takarda, na buɗe shi a wurin da ake zane a kan hoto, na kunna naɗa, na riƙa rubuta lissafin da yatsa ina bayani da Hausa, daidai yadda na yi a aji. Minti biyar ya ɗauka. Washegari da yayanta ya zo ɗaukarta na tura masa a wayarsa. Bayan kwana uku ta zo mini da tambayoyin nan 10 ta sake yin su da kanta, ta ci 8. Na tambaye ta sau nawa ta kalla, ta ce ba ta ƙirga ba, amma wurin sauko da lamba sai da ta mayar da shi baya ya fi sau biyar. Ku duba fa, wace yarinya ce za ta iya ɗaga hannu a gaban mutum 75 ta ce malama ta maimaita abu ɗaya sau biyar? Wayar kuwa ba ta gajiya, ba ta tsaki, ba ta yi mata dariya.

Kada ku zaci ni na ƙago wannan. A ƙasar Amurka akwai wani mutum mai suna Salman Khan, wanda a shekarar 2004 ya fara koya wa wata yarinya 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, domin garinsu ba ɗaya ba ne. Da sauran yaran dangi suka shigo, lokaci ya ƙi isarsa, sai a 2006 ya fara naɗar darussan yana sa su a YouTube, rubutunsa da muryarsa kawai, babu fuskarsa. Shi da kansa ya ba da labari cewa yaran sun ce sun fi son sa a bidiyo a kan ido da ido, saboda suna iya tsayar da shi su mayar da shi baya ba tare da jin nauyi ba. Daga nan ne aka sami Khan Academy a 2008. Haka nan a 2007 wasu malaman kimiyya biyu a wata makarantar sakandare da ke Woodland Park a jihar Kolorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara naɗar darussansu saboda ɗaliban da wasanni da tafiye-tafiye ke sa su fashin aji. Watau abin da ya haifi dabarar a can shi ne dai abin da ke damunmu a nan, yaron da darasi ya wuce.

Ni a ganina ma ta fi dacewa da mu a kan su. Da yawa daga cikinmu malamai mata ba za mu yarda hotonmu ya riƙa yawo a wayoyin mutane ba, mazanmu ma ba za su yarda ba, kuma suna da hujja. Da na fara sai da na nuna wa maigidana, ya kalla daga farko har ƙarshe, bai ga kome ba sai lambobi da jan layi, ya ce in ci gaba. Mace tana cikin ɗakinta da lulluɓinta ko babu, darasinta ya shiga gida 50 ba a ga ko ɗan yatsanta ba. Kuma kai ilimi har cikin gida wurin matan da ba su iya fita ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke karɓar karatu a wurinta cikin waƙoƙi su kai wa mata a ƙauyuka. Su da ƙafa suka yi ta kai shi. Mu da aka sa mana shi a tafin hannu, wane uzuri gare mu?

Wata za ta ce ai akwai darussa a rediyo da talabijin. Gaskiya ne. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, jihohi da dama sun sa darussa a rediyo, kuma sun taimaka. Amma darasin rediyo sau ɗaya yake wucewa, in an aiki yarinya sayen magi a daidai lokacin shi ke nan, sa'an nan rediyo ba ya nuna hannu yana rubutu. Haka kuma a 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da kamfanin Microsoft sun buɗe wani dandalin darussa mai suna Nigeria Learning Passport. Wannan abin yabo ne, mai hali ta duba shi. Sai dai wanda ya shirya waɗannan darussa bai san inda ajina ya tsaya ranar Talata ba, bai san misalin da na ba su da ƙosai da kuɗin adashi ba. Yarinya ta fi saurin kama muryar da ta saba da ita, da hanyar da ta ga ana bi a allon ajinsu.

To, 'yan'uwana malamai, ga abin da na koya a cikin 'yan watannin nan, wani da daɗi wani da kunya. Na farko, a taƙaita. Bidiyona na biyu minti 18 ne, na zuba darasin mako guda a ciki, babu yarinyar da ta kai ƙarshensa. Ashe masana sun riga sun auna wannan. A 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokan aikinsa suka duba kallo miliyan 6.9 da aka yi wa darussan dandalin edX, wanda jami'o'in Harvard da MIT suka kafa, suka gano cewa hankalin mai kallo ba ya cika wuce minti 6, kuma darasin da ake ganin rubutu yana fitowa daga hannun malami ya fi riƙe mutane a kan wanda aka riga aka buga aka jera. Waɗannan fa yawancinsu manya ne masu neman karatun jami'a, to ina ga yarinya 'yar shekara 10? Saboda haka abu ɗaya a bidiyo ɗaya, misali biyu, sa'an nan tambaya ɗaya ko biyu da za ta yi da kanta.

Na biyu, kafin ki kunna naɗa, ki taɓa alamar jirgin saman nan da ke yanke layi. Duk abin da ya bayyana a fuskar waya yana shiga. Ni ina cikin bayanin rabi da rubu'i saƙon yayata ya faɗo a sama tana tuna mini bashin zubin adashi, ban lura ba na tura, iyayen yara suka karanta tare da 'ya'yansu. Har yau akwai mai tsokanata da shi a ɗakin malamai. Na uku, ki kalli abin da kika naɗa kafin ya fita, in da hali ki ba wata malama ta duba. Kuskuren da kika yi a allo kina goge shi da tsumma a wuce wurin, amma wanda ya shiga waya magana ce zarar bunu, zai yi ta yawo daga hannu zuwa hannu da muryarki a kai. Na huɗu, kada ki kira sunan ɗaliba, kada ki nuna makinta ko littafinta da sunanta a jiki. Ba mu da izinin tallata 'ya'yan mutane. Na biyar, ki nemi lokacin da gida ya yi shiru, ko da yake kukan zakara ko na jariri in ya shiga ba ya ɓata lissafi.

A cikin aji kuma ga yadda nake amfani da shi. Da safe in na kira rajista na ga waɗanda suka yi fashi jiya, sai in tara su a benci ɗaya a baya, su huɗu ko biyar, in jingina wayar a jikin littattafai su kalli darasin jiya da fensir a hannu, ni kuwa ina zagayawa ina duba aikin gida na sauran. Kafin in gama sun kamo mu, sai a shiga sabon darasi tare. Wannan ne ya ba ni abin da ban taɓa samu ba, watau lokacin tsayawa a kan yaro ɗaya in ga inda yake tuntuɓe. Makarantar da Allah Ya hore wa majigi da wuta tana iya haska shi a bango kowa ya gani, amma mu da ba mu da su ba mu zauna jira ba.

A nan ne kuma zan faɗi abin da na fi tsoro. Akwai malamar da in ta sami wannan dabara za ta kunna wa yara bidiyo ta koma kan kujera tana hira ko tana sayar da atamfa. Wannan cin amana ne. Waya ba ta ganin fuskar yaro ta gane bai fahimta ba, ba ta san wadda ta zo da yunwa ba, ba ta amsa tambaya. Aikinta ɗaya ne, maimaitawa. Tambaya da gyara da lallashi da tsawa duk suna nan a wuyanmu, kuma a kansu ake biyanmu albashi. Shugabannin makarantu da masu duba malamai su sa ido a kan wannan tun kafin ya zama ɗabi'a.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an faɗa mini a taron iyaye da malamai. Wani dattijo ya miƙe ya ce waya ita ce ke lalata 'yan mata, yanzu kuma malama da kanta ke cewa a ba su. Ban ce ya yi ƙarya ba. Akwai abubuwa a intanet da ba na fatan 'yata ta gani. Amma ni ban ce a saya wa yarinya waya ba, ban kuma ce a bar ta da ita a ɗaki ba. Darasin da aka riga aka tura yana zaune ne a cikin wayar, ba ya bukatar data kafin a kalle shi. Ki yanke layin da hannunki, ki zaunar da ita kusa da ke a tabarma, minti 10 ta gama ki karɓi abarki. Wuƙar da ke cikin madafarki ma tana yanka, amma ba ki hana 'yarki koyon yanka kuɓewa ba, tsayawa kika yi a kanta.

Wasu kuma suka ce ba kowane gida ke da babbar waya ba, ga tsadar data, ga rashin wuta. Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma ba zan ce na warware ta duka ba. A ajina akwai gidajen da ko ƙaramar waya sai ta maigida, shi kuwa sai dare yake dawowa. Abin da muke yi shi ne, ba ma dogara da data. Ana tura darasi daga waya zuwa waya da Xender ko Bluetooth a bakin ƙofar makaranta ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ana kuma sa shi a memori, kamar dai yadda ake zuba muku finafinan Hausa a kasuwa, kuma ƙananan wayoyi da yawa masu ɗaukar memori suna nuna bidiyo. In gida ɗaya ke da waya a layinku, to yaran layin su taru a can bayan la'asar. Waɗanda duk wannan bai kai gare su ba su ne nake fara zaunarwa a bencin baya da safe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai maƙwabta sun taimaki juna.

Yanzu gare ku iyaye mata. Wayar da ke hannunki, awa nawa take yi a kan hotunan biki da saƙonnin ƙungiya? Minti 10 kawai nake roƙo a madadin 'yarki. In kin san za ki tsayar da ita a gida gobe saboda wata lalura, aika a gaya wa malamarta, ki tambaya ko akwai darasin da za a turo. In malamar ba ta san dabarar ba, ki kai mata wannan shafi. In yarinyar ta gama kallo, ki ce ta bayyana miki abin da ta gane, ko da ke ba ki yi boko ba, domin mai koya wa wani ya fi riƙe karatu. Kada ki bambanta 'yarki da 'yar kishiya ko 'yar riƙo a wannan zama. Kuma kada ki yi mamaki in ke ma kin tsinci wani abu. Wata uwa da aka cire daga aji huɗu aka yi mata aure ta aiko mini cewa in riƙa turo har da na ɗebewa da tarawa, domin tun da ta fara zama da 'yarta ta daina rikicewa a lissafin kuɗin ƙuli-ƙulinta. Amma fa ina roƙonku, kada samun wannan ya sa ku ƙara sakin jiki da tsayar da yara a gida. Magani ne na ranar da ta zama tilas, zuwa makaranta kullum shi ne asali.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, ku saurara da kyau. Darasi ba fim ba ne da za ki kwanta rigingine kina kallo. Ki ɗauko littafi da fensir kafin ki kunna. In malama ta rubuta tambaya, ki tsayar, ki gwada da kanki, sa'an nan ki sake kunnawa ki ga ko kun dace. Wurin da ya shige miki duhu ki mayar da shi baya, babu mai ganinki. In kin mayar sau uku bai fita ba, ki rubuta tambayarki ki kawo aji, domin wannan ne amfanin malama mai rai. In an ba ki aron waya saboda karatu, ki tsaya a kan karatun, ki mayar da ita da kanki tun ba a tambaya ba. Ranar da aka kama ɗayanku tana leƙe-leƙe, ba ita kaɗai za a hana ba, har ƙannenta da 'yan layinsu ta jawo wa.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomin ilimi da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Yawancinmu da wayarmu da cajinmu da barcinmu muke wannan aiki. Ba abu ne mai wuya ba a sama wa makaranta waya ɗaya ko biyu ta aiki, da ɗan faifan sola na caji, a kuma ware rana guda a koya wa malamai mata yadda ake naɗa. In malaman aji biyar na makarantu uku suka raba darussan zango a tsakaninsu, kowace ta naɗi kashi ɗaya, aikin ya yi sauƙi, kuma na bana zai yi wa 'yan baɗi amfani.

Ita dai yarinyar da na ba ku labarinta tana nan a makaranta, ta zo ta bakwai a jarrabawar ƙarshen zango, kuma ƙanin nata da aka haifa har ya fara zama. Mahaifiyarta ta ce mini duk ranar da za ta tsayar da ita yanzu sai ta ji nauyi, ta kan nemi wata ta riƙe mata jaririn tukuna. Wannan ya fi mini daɗi a kan makin da ta ci.

Mai wata shawara ko gyara a kan wannan magana, musamman 'yan'uwana malamai da suka gwada, ƙofar wannan fili a buɗe take, ku rubuto mu ƙaru da juna. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, amin. Sai mun sake saduwa.